Gurbin Ta Huɗu a Ƙungiyar Iyo

Jama'a, ku gyara zama. Abin da ya same ni a satin nan, da a kan wata ya faɗa da na yi dariya har na riƙe ciki. Amma a kaina ya faɗa, don haka ku ku yi dariyar, ni in ba da labari.

Ga waɗanda yanzu suka shigo mana, ni mataimakiyar koci ce a wurin iyo na mata da yara. 'Yan mata ƙanana nake koya wa ninkaya, masu shekara tara zuwa goma, da yamma kuma in ɗauki ajin manyan mata. A wurin aiki Koci ake kirana, a gida Auta. Umma har yau in baƙi suka tambaye ta aikina cewa take, "Wanka take yi da yaran mutane ana biyanta."

Sai kuma Mai Kemis, wanda maganarmu ta yi nisa har manya sun fara sa baki. Mutum ne mai sanyin hali, kullum cikin farar riga a goge, in yana magana kamar yana auna maganin tari a cokali. Aibinsa ɗaya a duniya: yana da yaya.

Anti Babba kowa ke ce mata, har shi. Ita ta riƙe shi tun rasuwar mahaifiyarsu. Ita ta zaɓa masa makaranta, ita ta zaɓa masa launin fentin shagonsa. Ni kaɗai ce abin da ya taɓa zaɓa da kansa, kuma har yanzu ba ta gama duba ni ba.

To, ga yadda rigimar ta taso. Ƙarshen wata za a yi gasar yara, kuma a wurinmu za a yi ta. Abin da iyaye suka fi haukacewa a kai shi ne gasar karɓa-karɓa. Yara huɗu ne ƙungiya ɗaya. Ta farko ta faɗa ruwa da jin usur, ta je ƙarshe ta dawo ta taɓa bango, sannan ta biyu ta faɗa, haka har ta huɗu. Wadda ta yi tsalle kafin hannun 'yar'uwarta ya taɓa bango, shi ke nan, an kori ƙungiyar gaba ɗaya, ko da su suka zo na ɗaya.

Gurbi uku babu gardama a kansu. Akwai Tarwaɗa, yarinyar da in ta shiga ruwa sai ka rantse a ciki aka haife ta. Akwai 'yan biyu, masu karɓar juna kamar da zare aka haɗa su. Saura gurbi ɗaya, yara biyu.

Ta farko Gimbiya, 'yar Anti Babba tilo. Tana da gudu, in ka cire Tarwaɗa babu mai kamo ta. Amma duk ranar gwaji sai ta yi tsalle kafin lokaci.

Ta biyu Agwagwa, 'yar yayana, wadda muke gida ɗaya. Ba ta taɓa fashin atisaye ba, ba ta taɓa karya ƙa'ida ba. Sai dai iyonta kamar mai neman ɗan kunne a ƙasan ruwa.

Da can wannan ba ciwon kaina ba ne, na Babbar Koci ne. Sai Allah ya sauke ta lafiya makon jiya, ta tafi hutun haihuwa. Na kira ta ina roƙo, ta turo min saƙon murya, jariri na tsala kuka a bayanta.

"Ke yanzu ke ce koci. Gudu kaɗai ba ya zaɓar yaro. Ki duba wa ke zuwa atisaye, wa ke jiran taɓa bango, wa ba ta rikicewa in mutane suka cika. Mai nutsuwa a farko, mai zuciya a ƙarshe. Kuma ki kalli yaran, kar ki kalli uwayensu. Kar ki sake kirana, ina barci."

Kar in kalli uwayensu. Jama'a, ɗaya daga cikin uwayen banɗakinmu ɗaya da ita.

Tun daga ranar matar yayana ta canza. Matar da ba ta taɓa ba ni aron caja ba sai da gori, sai ga ta da asuba a ƙofar ɗakina da kofin shayi a kan faranti. Doguwar rigata baƙa da na jefa a kwando, na dawo na tarar an wanke ta, an goge, an rataye, har da turare.

"Matar Yaya, lafiya kuwa?"

"Lafiya ƙalau. Ni dai na ce jini jini ne. Duk wanda zai zo daga baya, a baya ya zo."

Ta ajiye shayin ta fita tana gyara ɗankwali.

Ita kuma Anti Babba ta waya ta biyo. Ta turo min hoton sabuwar rigar iyo mai ruwan hoda, da hula, da tabarau na ruwa har kala uku. A ƙasa ta rubuta: "Mun shirya, Koci. Ko in ce amaryarmu? Za dai mu gani."

Za dai mu gani! Na karanta saƙon nan har na haddace shi.

Na je wajen Umma a falo, tana kishingiɗe tana gyaran farce, talabijin na ta yi shi kaɗai. Na zayyana mata komai. Ta auna abin, jikarta a hannun dama, auren autarta a hannun hagu. Can ta ce, "To ki saka su duka biyun mana."

"Umma, huɗu ne."

"In ji wa? Ruwan ne ba zai ɗauki biyar ba?"

"Ƙa'ida ce."

"Wannan ƙaton kwamin da kika nuna min a waya? Ai ko ashirin aka zuba zai ɗauka." Ta hura farcenta. "Ke dai ki yi a hankali. In kika bar jikata, a gidan nan za ki kwana. In kika bar 'yar waccan, a gidan nan za ki tsufa."

Na koma ɗaki na rubuta wa Mai Kemis: "Ka yi wa yayarka magana, don Allah."

Ya daɗe yana rubutu yana gogewa. Daga ƙarshe ya turo: "Ranki ya daɗe, ni fa ba ruwana."

Na ce, "Da ruwanka, har da kwamin."

Ya turo hoton fuska mai gumi.

Ganin babu mai cetona, na sa rana. Na rubuta a guruf ɗin iyaye cewa ranar Asabar da safe za a yi gwaji a gaban kowa, duk mai ido ta zo ta gani.

Asabar na saka wandon atisaye da doguwar rigar aiki mai ruwan toka, na ɗaura ƙaramin hijabi, na rataya usur da agogon auna gudu. Wurin ya cika da warin maganin ruwa da hayaniyar yara, silifas ko'ina, tawul a kan kowane benci. Matar Yaya ta kama bencin gaba, ta rungume jakar Agwagwa kamar za a ƙwace.

Sai ga Anti Babba. Mayafi mai walƙiya, awarwaro har gwiwar hannu, takalmi mai tsini a kan tayil mai santsi. Ba ta yarda da bencinmu ba, da kujerarta ta zo, mai naɗewa. Wa ke ɗauke da ita? Mai Kemis, wanda aka bari ya shigo don ranar gwaji iyaye maza ma na zuwa. Ya buɗe mata kujerar daf da bakin ruwa, shi kuma ya ja da baya har sai da bayansa ya taɓa bango. Tsoron ruwa yake. Kwalba ce iyakarsa.

Matan biyu suka gaisa.

"Sannu, Maman Agwagwa. Yarinyar tana ƙoƙari, ba laifi."

"Yawwa, sannu Hajiya. Taku ma, in ta tsaya."

Na busa usur kafin a ci gaba.

Na fara da Agwagwa, na sa ta a matsayi na biyu. Babbar 'yan biyu ta je ta dawo ta taɓa bango. Agwagwa ta leƙa ta tabbatar hannun ya taɓa. Ta gyara tabarau. Ta waigo ta dube ni.

"Anti, in tafi?"

"Ki tafi mana!"

Ta faɗa ruwa a hankali kamar kar ta tashe shi daga barci. Iyonta tsaf, hannu a miƙe, numfashi daidai, babu kuskure ko ɗaya. Amma kafin ta dawo Tarwaɗa ta zauna a bakin ruwa tana wasa da ƙafa. Matar Yaya ta tafa ita kaɗai, tana cewa, "Kun ga tarbiyya! Kun ga nutsuwa!"

Sai Gimbiya. Ta hau dakalin tsalle, ta sunkuya, idonta a kan ruwa. Babbar 'yan biyu na tahowa, da saura sosai kafin ta iso, sai wata murya ta tsaga wurin:

"TAFI!"

Gimbiya ta tashi sama ta tsallake kan yarinyar mutane.

Na busa usur. "An kore ku. A sake."

"An kore wa?" in ji Anti Babba. "Ba ki ga gudu ba?"

"Anti, sai an taɓa bango."

"To ai waccan ce ta makara!"

Aka sake. Aka sake jin "TAFI!" Aka sake korarsu. Na je na durƙusa a gefen kujerarta, na sassauta murya yadda ake yi wa babbar yayar miji, na roƙe ta ta yi shiru sau ɗaya tak. Ta ce ai ita ba ta ma san ta yi magana ba. Ta ɗauki gefen mayafinta ta toshe baki da shi, ta ɗaga min hannu alamar ta yi alkawari.

Karo na uku. Shiru ko'ina. Yarinya na tahowa, na tahowa. Na ga jijiyar wuyan Anti Babba ta tashi, awarwaronta na rawa. Sai kawai ta yi gyaran murya, "Ehem!"

Tsulum! Gimbiya ta faɗa.

Matar Yaya ta miƙe tana karkaɗe zani. "To ai magana ta ƙare. Auta, sai a rubuta sunan wadda za a rubuta."

Na ba yara hutu. A ɗakin canza kaya na tarar da Gimbiya a lungu, ta lulluɓe kai da tawul, kafaɗunta na rawa. Na zauna kusa da ita a kan bencin da ya jiƙe.

"Anti Koci, wallahi ina kallon hannun. Ina ganinsa bai taɓa ba."

"To me ya sa kike tsalle?"

"In Mami ta ce tafi ban tafi ba, a mota za ta yi ta magana har gida. A gida ma ta ci gaba. Gara a kore ni."

Jama'a, dariyar da ta taso min sai ta koma ciki. Sai a lokacin na tuna: ranakun mako, da direba ke kawo ta, yarinyar nan ba ta taɓa yin tsalle kafin lokaci ba. Ko sau ɗaya.

Na zaro waya na rubuta wa Mai Kemis: "Fitar min da Anti Babba waje na ɗan lokaci."

"Ta yaya?"

"Ka ce an goge mata mota."

"Ba a goge ba fa."

"Na sani!"

"Ranki ya daɗe, ban iya ƙarya ba. Kunnuwana rawa suke."

"To ka faɗi gaskiyar da za ta fitar da ita. In ba haka ba, ka nemi wata kocin ka aura."

Na fito ina satar kallonsa. Ya share goshi, ya taho a gefe-gefe kamar ƙaguwa, ba ya ko kallon ruwan. Ya sunkuya a kunnenta, amma da yake wurin na amsa murya, kowa ya ji.

"Anti, ki zo waje. Akwai maganar da nake so mu yi. A kan Koci ce."

Ban taɓa ganin mace mai takalmi mai tsini ta tashi da sauri haka ba. Fuskarta ta washe. Wato ta zata ya dawo hayyacinsa zai fasa. Allah ya gani, na ajiye wannan a raina.

Ƙofa na rufewa na tara yara. Gimbiya ta hau dakali. Ta waiga wajen kujerar da babu kowa, ta ja numfashi. Yarinya ta taho, hannu ya taɓa bango, sannan Gimbiya ta tashi kamar kibiya. Na duba agogo, na sake dubawa. Aka maimaita, aka sake maimaitawa, babu kuskure. 'Yan biyu suka rungume ta a cikin ruwa, Tarwaɗa na dukan ruwa tana ihu. Wadda ta fi kowa tafi kuwa Agwagwa ce, har uwarta ta fizgo ta ta zaunar.

Abu mafi wuya a ranar ba Anti Babba ba ce. Agwagwa ce. Na ja ta gefe, na durƙusa na riƙe hannuwanta masu sanyi, na faɗa mata Gimbiya ce ta huɗu.

Ta ɗago ta dube ni. "Anti, ban iya ba ne?"

"Kin iya. Babu mai iyo mai tsabta kamarki. Amma wannan gasar ta gudu ce. Ke ce mai jiran ko-ta-kwana, in wata ta kasa ke za ki shiga. Kuma na saka ki a doguwar gasa, wadda masu gudu ke gajiya a tsakiya. Can ne wurinki."

Ta yi kuka kaɗan a kafaɗata, ni ma idona ya ciko. Can ta ɗago ta ja majina.

"Mai ko-ta-kwana ana ba ta rigar ƙungiya?"

"Ana ba ta."

"Mai zif?"

"Mai zif."

"To shi ke nan."

Ina ma manya haka suke.

Anti Babba ta dawo fuska a murtuke, Mai Kemis na biye da ita kunnuwansa kamar za su tashi. Daga baya na ji abin da ya faru a waje. Da ta ce, "Ina jinka, me ta yi?" sai ya ce, "Koci... Koci ta damu da lafiyarki." Daga nan ya shiga yi mata bayanin illar shan maganin hawan jini ba a kan ƙa'ida ba, tun daga kan ƙoda har idanu, bai tsaya ba sai da ta ture shi.

Na tare ta kafin ta zauna.

"Anti, na zaɓi Gimbiya."

Fuskarta ta buɗe. Ta juya ta kalli Matar Yaya daga sama har ƙasa. "Ai na san ƙanena bai yi zaɓen banza ba."

"Amma da sharaɗi."

"Sharaɗi?"

"Daga yau har a gama gasa, ba za ki sake zama a bakin ruwa ba. Ranar gasa ma a can sama za ki zauna, bayan gilashi, inda murya ba ta fitowa. In kika sauko, zan cire ta in saka Agwagwa."

Mai Kemis ya rufe ido yana motsa baki.

"Ni kike kora?"

"Ba kora ba ce, Anti. Da ba kya nan, sau uku ta yi babu kuskure. Kowa ya gani."

Ta dubi 'yarta. Gimbiya ta sunkuyar da kai tana murza gefen tawul. Ta dubi ƙanenta, ta gane abin da aka yi mata. Na jira ihu, na jira ta ce an fasa komai. Sai kawai ta gyara mayafi, ta ce, "To."

Ta juya ta fita, ƙwas, ƙwas, ƙwas. Jama'a, gara ihu da wannan "to" ɗin.

Matar Yaya kuwa ko kallona ba ta yi ba. Ta ja 'yarta suka tafi da motar Yaya, ni da muka zo tare aka bar ni da silifas a hannu. A rana ɗaya na ɓata wa gida biyu rai, nawa da wanda nake shirin shiga.

Na tsaya na gama ajin rana, na kwashe tawul ɗin da aka manta, na hau motar haya. Da la'asar na iso layinmu. Ina tura ƙofar gida wayata ta yi ƙara. Mai Kemis ne.

"Kina ina? Kar ki shiga gida tukuna."

Ya makara. Na riga na ga motar Anti Babba a tsakar gidanmu.

Na taka a hankali zuwa falo, ina tsara haƙurin da zan bayar. Abin da na jiyo ya fi faɗa tayar min da hankali. Dariya ake yi. Na ɗaga labule. Anti Babba da Matar Yaya a kujera ɗaya, kafaɗa da kafaɗa, suna shan lemo, ɗaya na tafa wa ɗaya hannu. Umma na gefe tana kallon silin kamar ba a gidan take ba.

"A'a, ga Koci!" in ji Anti Babba. "Shigo, shigo. Yanzu muka dawo daga wajen manajan wurin iyonku."

Na ce, "Manaja?"

"Na tambaye shi ƙa'ida, tunda ke mai son ƙa'ida ce. Ya ce gaskiyarki, koci na da ikon hana uwa zama a bakin ruwa." Ta kurɓi lemo. "Amma ya ce ɗalibar da ta yi rajista babu mai hana ta, ko ranar atisaye ko ranar gasa."

"Sai muka yi rajista," in ji Matar Yaya. "Mu biyu. Ajin manyan mata."

"Ajin manyan mata ai... ai nawa ne."

"Shi ya sa muka zaɓe shi."

Anti Babba ta buɗe ƙatuwar jakarta, ta zaro tabarau na ruwa guda biyu, sababbi a leda. Ta miƙa wa Matar Yaya ɗaya. Nata ta ja robar ta ɗora a kan ɗankwali, ta sauke shi a ido, ta kalle ni ta cikin shuɗin gilashi, idanunta sun yi ƙato-ƙato kamar na kifi.

"Ni fa ko a baho ban yarda ruwa ya wuce min ƙugu ba," ta ce. "Sai ki riƙe ni da kyau, amaryarmu."

Na juya wajen Umma ina neman ceto da ido. Ta sauko da kallonta daga silin, ta miƙa hannu ta karɓi tabarau ɗin Matar Yaya, ta juya shi gaba da baya.

"Auta," ta ce, "akwai wanda zai shiga kaina?"